Rasuwar Lallaɓiya, Motar da Aka Are Ta Don Rago Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Mutawakil bakanike na unguwar Maamobi yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar motarsa, Lallaɓiya, a-kori-kura mai ja da ƙafa huɗu. Ta cika ana jajibirin Babbar Sallah, a hanyar Ashaiman, a hannun wanda aka amince wa.

Marigayiyar ta zo gareji tsohuwa, tana tafiya kamar amalanke. Mutawakil ne ya sake mata ƙafafu. Ya ɗaga cikinta daga ƙasa, ya zare wa sifirin ɗin baya ganyaye har suka yi laushi, ya nemo dogayen shokazoba a wajen 'yan gwangwan, ya yi musu mazauni da waldar hannunsa. Duk wannan wahala don mutum ɗaya ce, mahaifiyarsa Hajiya Maiturare, mai ciwon baya. Yayarta tana kwance a ƙauyensu can bayan Bawku, tana ta aiko a kawo mata ƙanwarta su gana, alhali hanyar garin ko mai lafiya sai ta kwance masa ƙugu.

Gwajin marigayiya sananne ne a unguwa. A cika kofi da koko, a ba mutum ya riƙe a kujerar baya, a bi ramukan titin unguwar Nima. In koko ya zube, a koma gareji a sake kwancewa. An yi asarar koko ba kaɗan ba kafin ranar da kofi ya dawo cike. Mai riƙe kofin kuwa Jalilu ne, aminin Mutawakil tun suna makarantar allo. Don haka kada wani ya zo ta'aziyya da zancen rashin sani.

Ta kasance mai haƙuri da kawaici. Ba a taɓa jin ta ce ƙaƙas ba. In ta faɗa rami, iyakarta ta ce "fuuu", ta miƙe.

Ajali ya zo mata da sallama. "Cale, abokina, rago ɗaya ne kawai zan ɗauko," in ji Jalilu. Mutawakil ya miƙa makulli ko ɗaga kai bai yi ba. Shaidu sun tabbatar da cewa ragon nan yana da tozo, kuma su biyu ne, ga buhunan dusa a kai, kuma sawu na nawa ke nan, Allah kaɗai Ya sani. Ƙafar da aka yi domin bayan tsohuwa aka ɗora wa bijimai. A wani tudun rage gudu ta ce "ƙaras", kalmarta ta ƙarshe, ta zauna a kan tayoyinta, ƙashin bayanta ya tsage. Bijiman suna nan lafiya, an yi layya da su.

Mutawakil bai yi kukan ƙarfe ba, ƙarfe ana samun wani. Abin da ya ci masa rai, na gida ne ya yi masa, wanda ya san dalilin kowane noti. Makashinka yana tare da kai, ashe har koko yake riƙe maka.

Ta rasu ta bar tayoyi huɗu, da safaya ɗaya da bai taɓa taka ƙasa ba, da kofin gwaji, da jakar Hajiya wadda aka ɗaure tun da azumi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar a ƙofar gareji, daga nan 'yan gwangwan su raka ta makwancinta. Ba a karɓar gudummawa. Shi Jalilu an yafe masa ɗaukar gawa, an ga irin ɗaukarsa. Aiki ɗaya aka ajiye masa. Har yanzu ba a gaya wa Hajiya ba, kullum da safe sai ta leƙo ta ce wa ɗanta, "Baba, yau ne tafiyar?" Jalilu ya zo ya cire takalmi, ya shiga ɗakinta, ya ba ta amsa da bakinsa.