Na Koya wa Suwic Haƙuri, Aiki Ya Tsaya

Zuwa ga Mai Girma Manajan Kamfanin Tartsatsi, masu ƙera suwic na haɗa kwamfutoci, Allah ya ƙara basira.

Bayan gaisuwa irin ta mutanen Minna, wadda ake tsayawa a ji amsarta, ni ne mai kula da kwamfutocin wata cibiyar koyarwa a Bosso. Mun sayi suwic ɗinku don malami ya tura darasi sau ɗaya ya isa ga duk ɗaliban da ke cikin rukuni. Ga kokena.

1. Ranka ya daɗe, wa ya yi wa akwatin nan tarbiyya? Yakan tambayi kwamfutoci ko suna nan, wadda ta yi jinkirin amsawa sai ya fitar da ita daga rukuni. A unguwarmu mutum kan yi sallama sau uku, ya zauna a dakali, har a kawo masa ruwa.

2. Da na ga ana iya sauya lokacin jiran, sai na ƙure shi. Me ya sa ba a hana ni ba? Duka-duka kwas ɗin da na yi na gyaran rediyo ne, ga kuma ƙarfin hali. Yanzu suwic yana ta kai darasi ga kwamfutocin da aka kashe tun shekaranjiya, har da wadda muka kai gyara Kaduna. Wayar da ta haɗa kwamfutocin ta cunkushe, bakin malami yana motsi a allo, muryarsa sai bayan an tashi.

3. Lambar lokacin jiran da kuka sa tun farko na goge ta, ban rubuta ba, saboda a ganina na fi ku sanin mutunci. Shugabarmu, Madam Hannah Tsado, ta dube ni gaban ɗalibai ta ce, “Munzali, wannan abu ba surukinka ba ne, na'ura ne.” Wallahi na ji kunya har kunnuwana suka yi zafi. Ta ba ni zuwa Litinin, ko in gyara ko in miƙa makulli.

Don girman Allah a taimaka a aiko mini da lambar nan. In kuwa amsarku za ta wuce Litinin, a aika ta shagon rediyon kawuna a Gwada, can za ta same ni.

Naka mai biyayya har ƙasa,
Munzali Ladan
Bosso, Minna, 1999