Giwar Malam Zailani Ba Ta Tsayawa Gaisuwa

Duk faɗin Ƙanƙara ba a taɓa yin masanin inji kamar maƙwabcinmu Malam Zailani, malamin awon auduga, ba. Wanda ke musu ya tambayi waɗanda suka ci kasuwa ranar da ya shigo gari da babur ɗinsa. Tun daga nesa aka ji ruri, awaki suka tsinke, masu talla suka dafe farantansu. Ya iso daidai rumfar masu fura, ya taka birki cikin isa, ya miƙa ƙafa zai dafa ƙasa, sai ƙafar ta tarar ƙasa ta yi mata nisa. Allah ya ba Malam ilimi da murya, amma wajen tsawon ƙafa an ɗan yi masa tsimi. Babur ya yi ɗan tunani, ya karkata a hankali, ya kwanta a kansa kamar saniyar da ta ƙoshi.

Jama'a suka taru. Daga can ƙasa muryar Malam ta fito, ko rawa ba ta yi: "Kada wanda ya taɓa. Cikin injin nike dubawa. Haka Turawa ke yi bayan doguwar tahiya." Sai da ya duba ya gamsu, sannan mahauta suka taru suka ɗaga masa.

Lokacin nan ne kuɗin man fetur suka fara zubo wa ma'aikatan gwamnati kamar ruwan Agusta. Kowa rediyo, kowa babur. Malam ya tafi Funtuwa tare da Lawwali tela, wanda shi ma maƙwabcinmu ne. A wani kanti suka tarar da ƙananan babura sababbi fil a leda, ga araha, sai dai sunansu babu wanda ya taɓa ji. Shi kansa mai kantin, duk tambayar da aka yi masa da irin yadda yake faɗin sunan. Lawwali ya zagaya ɗaya, ya latsa taya, ya saya. Malam kuwa ya gyara wuyan riga ya yi masa huɗuba.

"Lawwali, kai tela ne, ba a zarginka. Amma mutum irina, wanda ya yi kwas a Kaduna, ya ci abinci da cokali mai yatsu, ya hau abin da ba a san ubanshi ba? Babur asali gare shi kamar mutum."

Babur mai asalin da Malam ya saya yana bayan kasuwa, wurin wani bakanike. Na hannu ne, wani Baturen aikin hanya ya bari da zai koma ƙasarsu. Sirdi kamar gadon amarya, tanki kamar randa, salansa biyu suna ƙyalli. Aibinsa ɗaya, ɗan ƙarfen nan da ake takawa a tayar da shi ya mutu, sai an tura. Bakanike ya ce ƙaramin abu ne, sabo na nan tafe a jirgin ruwa. Har yau jirgin yana hanya.

Mu 'yan unguwa muka raɗa wa na Malam suna Giwa, na Lawwali kuma Fara. Fara dai sai ƙara kamar sauro, amma taku ɗaya sai ta tashi. Giwa kuwa ta mai da mu ma'aikatanta. Kullum da safe za ka ga magidanta da furfurarsu sun duƙa suna turi, Malam na bisa yana ba da umarni: "A haɗa ƙarhi. Injin manya ba ya tashi da hannun raggaye." Ya sa aka gina masa dakali a ƙofar gida daidai tsawon ƙafarsa. A wurin awo kuma buhunan auduga yake jingina da su. Tsakanin dakali da buhu, duk abin da zai faru ya faru, Giwa ba ta tsayawa.

To, garinmu ba a wuce dattawa a bisa abin hawa. Ko kan jaki kake sai ka sauko, ka tuɓe takalmi, ka tsuguna. Nan fa hazaƙar Malam ta fito fili. In ya iso majalisar dattawa ta gindin tsamiya, sai ya kama kewaya itacen. Zagayen farko sallama. Na biyu ina kwana. Na uku ina gajiya. Kafin a kai ga tambayar iyali, wuyan Liman ya ƙage saboda waige. Daga nan aka daina ce masa Malam Zailani, sai Malam Shawagi. Da ya ji, ya ce sunan ya dace, don jirgin sama ma haka yake yi kafin ya gaida ƙasa.

Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Amma Malam yana neman auren Bilki, wata bazawara 'yar ƙauyen Mabai mai sayar da man gyaɗa, kuma ita ma tana so, duk da dariyar da take yi masa. Magana ta rage ga mahaifinta, Baba Gide, tsohon da kunnensa ya yi nauyi, wanda kuma ya taɓa korar mai neman 'yarsa don kawai ya gaishe shi a rusune bai kai ƙasa ba. Bilki ta aiko da saƙo: ya zo ya gaida Baba, kuma don Allah ya ari Farar Lawwali.

Malam ya yi dariyar manya. "In je gidan surukai bisa sauro? Tsohon nan yana ganin Giwa zai san ɗiyarshi ta tako arziki."

Ranar Juma'a ya sha babbar riga mai aiki, ya kafa hula, muka tura shi muka yi masa fatan alheri. Abin da bai lissafa ba, Mabai babu dakali, babu buhun auduga. Baba Gide na zaune a tabarma gindin ɗorawa, ragonsa na gefe, ko'ina yashi. Malam ya duba dama ya duba hagu, bai ga abin jingina ba, sai ya koma sana'arsa. Ya kewaya ya yi sallama. Ya kewaya ya tambayi gajiya. Ya kewaya ya ce, "Baba, na zo ne," ruri ya tafi da sauran. Mata suka leƙo ta kan danga. Bilki ta toshe baki da gyale.

Baba Gide ya bi shi da ido har jiri ya fara ɗibarsa. Ya ɗaga sanda ya ce, "Kai, mi ne ne wannan ke kewaya ni kamar shirwa ta ga 'yan tsaki? In mutum ne shi sauko. In aljan ne shi wuce, ba mu da abin ba shi."

Malam ya matso don tsohon ya ji shi da kyau. Da'ira ta tsuke, taya ta nutse a yashi, Giwa ta yi irin tunanin nan nata, ta kwanta. Ta danne babbar riga da ƙafa guda, ta shimfiɗe Malam rub da ciki, goshinsa a bakin tabarma, muryarsa daidai kunnen Baba Gide. Takalman ma da kansu suka fita.

Inji ya mutu. A cikin shirun Malam ya yi gaisuwa cikakkiya tun daga farko, don ba shi da wurin zuwa. Ya tambayi gida, ya tambayi gona, ya tambayi rago, ya faɗi abin da ya kawo shi.

Tsoho ya ji daɗi har ya shafa gemu. "Madalla da ɗan mutunci. Wasu tsugunno ke gagararsu, kai har kwanciya ka yi. Na ba ka Bilki. Amma wannan ƙarhen nan zai zauna, ɗiyata ba ta hawa abin da ke kwanciya bisa mutane."

Haka Giwa ta sami aikin da ya dace da nauyinta. Tana nan gindin ɗorawa, ita ce turken ragon Baba Gide, kuma tun da aka ɗaure shi a jikinta bai taɓa tsinkewa ba.

Komawa gida fa? Allah ya sa Lawwali ya kai ɗinki Mabai ran nan. Da la'asar muna zaune bisa dakalin Malam, sai ga Fara ta shigo unguwa tana kukan sauronta, Lawwali a gaba, Malam a baya, yashi har cikin gira, ya rungume ƙunshin yadukan tela a cinya. Mani, wanda ya fi kowa shan wahalar turi a cikinmu, ya miƙe ya cire hula.

"Sannu da sauka, Malam Shawagi. Yau kuma bisa wanda ba a san ubanshi ba?"

Malam ya dube shi sama da ƙasa, ya gyara zaman ƙunshin yadi.

"Mani, rashin zuwa Kaduna ke damunka. Ina ka taɓa ganin babban mutum yana tuƙa kanshi? Direba, ƙarasa da ni bakin ƙofa."