Yadda Cindo Ya Kai Kyanwar Inna Birni

A Unguwar Dinya akwai wani gida kusa da rijiya, mutum uku ne a cikinsa da kyanwa ɗaya. Akwai Inna Dije, da 'yarta Tabawa wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, da autan Inna, Cindo. Cindo gemunsa ya cika, ga ƙarfi, ba ya ƙarya, ba ya musu. Aibinsa ɗaya ne: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi, ko da kai mai faɗin ba haka kake nufi ba. Kyanwar kuwa Ƙosai ake ce mata saboda jan gashinta, kuma Inna ba ta kai loma baki sai ta gutsura mata.

Da ciwon ƙafa ya matsa wa Inna, babban ɗanta Ila, tela a Zariya, ya zo ya tafi da ita magani. Ƙafa ta yi sauƙi, amma tsohuwa ta ƙi abinci. Ila ya bugo waya hankali a tashe, ya ce Inna sai ramewa take yi, ba ta ambaton komai sai Ƙosai, a kawo kyanwar nan ko ta halin ƙaƙa. Tabawa ba ta da mai duba mata awaki, don haka aiki ya faɗa kan Cindo.

Wata rana Tabawa ta jawo babban kwandon auduga ta ce, "Kyanwa ba ta son a tura ta da ƙarfi. Ka nuna mata yadda ake shiga, ta saba kafin tafiya." Ta tafi ɗiban ruwa. Da ta dawo ba ta ga Cindo ba, sai kwando a rufe da faifai, Ƙosai na kwance a kai tana lasar ƙafa. Daga ciki murya ta fito: "Yaya, tana kallo? Na nuna mata, amma fitar ce ta gagara." Sai da aka yanka kwandon da wuƙa kafin a zaro shi.

Wata rana kuma ya shirya, da sabon kwando. Malam Sambo, tsohon direba da ke maƙwabtaka da su, ya ba shi zane ya ce, "Sirrin tafiya da kyanwa ɗaya ne, kada ta ga hanya. Ganin hanya ne ke firgita ta." Cindo ya riƙe maganar da kyau. A tasha aka ba shi gidan gaba kusa da direba, mota ta hau kwalta. Ya duba ya ga ta ina hanyar nan take shigowa, ya gano ta gilashin gaba ne, sai ya warware zane ya baza shi daga wannan gefe zuwa wancan. Direba ya ƙwalla salati, mota ta sauka cikin gonar wake. Ba wanda ya ji ciwo, amma a ƙasa Cindo ya dawo gida, yana mamakin zafin zuciyar direbobi.

Wata rana ya sake komawa tasha. Wani ɗan kamasho mai son ba'a ya leƙa kwando ya ce, "Kai, kyanwa? Ba ka ji labarin wadda ta rikiɗa ta zama tsohuwa a kan gada ba? Ka dai yi shiri." Fasinjoji suka yi dariyar yaƙe, don duk sun taɓa jin labarin, kuma kowa ya san wanda ya san wanda abin ya faru a gabansa. Cindo kuwa ya yi shiri. Ya sayi goro, ya matsa ya bar wurin zaman mutum guda, ya ajiye takalman Inna a gaban kwando. Da gada ta bayyana ya durƙusa ya ce cikin ladabi, "Baba, mun iso, ki rikiɗa a hankali." Ashe a kujerar baya akwai wata tsohuwa da ta lulluɓa tana barci tun daga tasha, kowa ya ɗauka ƙunshin kaya ce. Ta yaye mayafi ta ce, "Har mun iso?" Wallahi ta taga wasu suka fita, direba ma bai tsaya kashe mota ba. Cindo ya miƙa mata goro, sannan ya leƙa kwando ya ga Ƙosai na nan. Ya ce, "To, yanzu wacce zan kai wa Inna?"

A ranar da ya sake dawowa gida da kyanwar, Tabawa ta yi kuka, don Ila ya sake bugowa ya ce Inna ko kunu ba ta sha sai an roƙe ta. Malam Sambo ya nemo musu akori-kurar wani yaronsa mai kai hatsi Zariya, ya ce Cindo ya hau baya inda babu gilashi. Ya ƙara da cewa, "Kyanwa ƙamshin gida take bi. Duk abin da ta saba kwanciya a kai, ka haɗa da shi, in ba haka ba za ta gudu."

Wata rana, wato ranar tafiyar, Tabawa ta kai awaki kiwo, Cindo ya zauna yana bin Ƙosai da ido. Ta kwanta a tabarmar Inna, ya naɗe. Ta hau turmi, ya ɗauka. Ta hau murfin randa, ya haɗa da randar. Ta ɗare ƙyauren ɗaki, ya cire shi. Can ta tsallaka katanga ta haye cinyar Gwaggo Laraba, ƙawar Inna tun suna 'yanmata, wadda kullum da hantsi suke cin ɗumame tare suna faɗa. Cindo ya yi sallama ya ce, "Gwaggo, an ce in haɗa da ke." Ita kuwa tun tafiyar Inna kewa ke cin ta, ba wanda ya tuna ya ce ta je. Ko tambaya ba ta yi ba, ta ɗauki mayafi.

Da Ila ya ga ana sauke turmi da ƙyaure a ƙofar gidansa, ya dafe kai ya ce, "Cindo, kyanwa na ce, ba ƙauyen ba!" Aka buɗe kwando a gaban Inna. Ƙosai ta shinshina ta, ta wuce ƙarƙashin gado abinta. Inna kuwa ko motsi ba ta yi ba.

Sai Gwaggo Laraba ta ɗaga labule ta ce, "Dije, haka kika lalace? Kin zama kamar kara."

Inna ta yunƙura ta zauna. "Laraba, bakinki bai mutu ba? Wa ya kawo ki?" Ta ga tabarmarta a hammatar Cindo, idonta ya kawo ruwa. Aka shimfiɗa, tsofaffin biyu suka zauna, faɗa ya kankama. Can Inna ta ɗaga murya: "Ila, gidan naka ba a ba baƙo abinci ne? A kawo tuwo, kwano ɗaya, ta cika haɗama sai na tsare rabona."

Ila ya tsaya yana kallon mahaifiyarsa tana kai loma, tana gutsura wa kyanwar da ta fito jin ƙamshin miya. Ya juya a hankali ya ce, "Wa ya ce ka zo da Gwaggo?"

Cindo ya ce, "Ƙosai ce ta zaɓa, Yaya. Ni ɗauka kawai na yi."