Mai Raɗa Ta Cika Saura Minti Goma Fim Ya Ƙare

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin ciki zafi, ni mai tausar nan na asibitin ƙashi, makahon da ke zama kujerar bakin ƙofa a gidan sinima, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Mai Raɗa, na'urar kunne lamba huɗu, wadda ta cika ranar Asabar da yamma tana bakin aikinta.

Ga wanda bai san marigayiya ba, 'yar aba ce da ba ta fi tafin hannu ba, da wayarta da abin sawa a kunne. A wurin sayar da tikiti ake karɓarta. Aikinta ta faɗa wa marar ido abin da ke faruwa a allo idan 'yan wasa suka yi shiru. "Ya tura ƙofa a hankali. Akwai wuƙa a hannunsa na hagu, ya ɓoye ta a baya." Haka take magana, ba ihu, ba ƙarin gishiri. Su shida aka kawo, biyar sun riga ta tafiya, kuma babu wadda tsufa ya kashe.

Kafin zuwanta Yaya ce idona. Yayata mutuniyar kirki ce, ita ta goya ni, amma gaskiya ɗaya ce. Bayaninta bai wuce, "Kai! Ka gani? Ka ga abin da ya yi?" Shekara arba'in ba na gani, har yau tana tambayata. In na ce wa ya shigo, sai ta ce wancan dai, mai rigar nan. Muryarta kuwa, tana layin gaba mai gadi yana jin ta a waje. Sau biyu ana fitar da mu.

Ranar da na fara sa marigayiya a kunne na yi dariya tare da mutane, ba bayan sun gama tasu ba. Na koma gida na kasa cin abinci don murna. Shekara uku ke nan ina ɗaukar sandata in tafi sinima ni kaɗai, ban jira kowa ya gama wanke-wanke ba, ban roƙi kowa ba. Mai ido ba zai san girman wannan ba, kuma ba na tsammanin ya sani.

Ciwon ajali ya fara ne ranar da manaja ya sayo injin gugguru na biyu. Aka rasa soket, sai ya zare cajar marigayiya, ya jefa ta aljihun tebur cikin makullai da matattun batura. Sai an tuna ake ba ta wuta. Cikinta ya fara kumbura. Hannuna ne sana'ata, na san kumburi in na taɓa shi. Sau huɗu ina kai kuka, sau huɗu ana cewa za a duba. Muryarta ta dishe, ta koma "ƙirrr... ta ɗauki... ƙirrr," amma baiwar Allah ba ta taɓa ƙin fita aiki ba.

Ranar Asabar ana nuna labarin wata uwa da ta yi shekara ashirin tana neman ɗanta. Ga kalmomin marigayiya na ƙarshe: "Ta tsaya a bakin tashar jirgi. Wani mutum ya juyo. Ta ɗaga hannu, ta..." Sai ɗif. Minti goman da suka rage babu ɗan wasan da ya ce uffan, kiɗa ne kawai. Ɗaki duk ana jan hanci, ƙaton da ke kusa da ni har da shessheƙa, ni kuwa ina zaune kamar kututture. Ɗanta ne ko ba shi ba ne, ban sani ba, kuma na hana kowa faɗa mini.

Na kai gawa hannun manaja, yana tauna gugguru. Ya ce, "Haba malam, ku nawa ne duka? Ka zo da wani ya riƙa gaya maka mana." Ban yafe ba, amma na karɓi shawara.

Marigayiya ta bar ni, da makafi talatin da bakwai 'yan ƙungiyarmu, da ƙanwarta tabarau mai nuna wa kurame rubutu, wadda ke kwance a aljihun tebur ɗin nan, ido ɗaya ya riga ya mutu. Injin guggurun da ya gaji soket ɗinta kada ya wahalar da kansa, ba ma karɓar gaisuwarsa.

Za a yi jana'iza Asabar mai zuwa da ƙarfe huɗu, a ɗakin da ta cika, ranar ƙarshe ta nuna fim ɗin. Mun sayi tikitinmu cif. Kowane makaho zai zo da mai gaya masa, kamar yadda manaja ya umarta, kuma Yaya ta yi kwana uku tana koya musu aiki. Kurame ma za su halarta, kowa ya kunna fitilar wayarsa don ya ga hannun mai fassara.

Idan magajiyar marigayiya ta iso kafin nan, cike da caji, da soket nata na kanta, za a fasa taro. In ba haka ba, zan karɓo gawar in toshe kunnena da ita, domin ƙarshen nan daga bakin irinta zan ji shi ko in haƙura da shi har abada.

An ware wa manaja kujera a tsakiya, kusa da Yaya. Ta riga ta kalli fim ɗin sau biyu.