Ranar da Na Kankare 'Ya'yan Kawa

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a bakin ruwan Soundview da ke New York ba, kuma tun yanzu in faɗa muku, wawan labarin ni ne, da furfurata da komai.

Jikata Hadiza (amaryata nake ce mata, ita kuma ta harare ni) ajinsu na kiwon kawa, halittar ruwan nan mai ɓawo biyu. Ta ce a ƙasashe masu ɗumi murjani yara ke dasawa a teku, mu nan sai kawa: tana tace ruwa, in ta taru ta yi tudu, kifi ya samu gida. Tun da sanyi ya wuce suka zuba tsofaffin ɓawo a keji, suka sa a ruwa. Ranar za a ƙirga 'ya'yan da suka manne, kuma ita za ta faɗi adadin rukuninsu a gaban iyaye.

Ni aji uku na yi a Maraɗi, amma shekara ashirin ina wanke tukwane a gidan abinci, kuma a wannan fanni farfesa ne ni. Da aka ɗago kejin na ga ɓawon duk laka da wasu ƙuraje-ƙuraje, sai kunya ta kama ni: a gaban mutane, kayan jikata ne za su fi datti? Malamarsu ta ja yara gefe tana bayani da Turancin da ya fi ƙarfina. Na zaro 'yar wuƙar yanka gorona, na tsuguna, na kankare su tas, ina watsa dattin cikin ruwa. Har jera su na yi, suna ƙyalli.

Ashe ƙurajen nan su ne 'ya'yan kawar.

Malamar ta daɗe tana kallon aikina, sannan ta ce ba komai, a kimiyya sifili ma sakamako ne. Hadiza ta miƙe ta faɗi sifilinta, ko inda nake ba ta duba ba.

A bas ɗin komawa unguwarmu Parkchester na yi ta tunani. Duk rayuwata cire datti na iya, ban taɓa tambaya ko da mai zama a cikinsa ba. Don in sassauta, na ce mata ai ko ba komai, nata ne suka fi na kowa tsabta.

Yarinyar da kullum da Turanci take amsa mini, ranar Hausa ta zaɓa.

"Kaka, wata biyar suka yi a ruwan New York, bai kashe su ba. Minti goma suka yi a hannunka."