Shukun da Na Yi wa Tasha

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na tare wata baiwar Allah a bakin ƙofar wurin aikinmu na wanke ta tas. Har yau in abin ya faɗo mini a rai ina cikin wanke-wanke, sai na ajiye kwano na rufe fuska.

Lokacin ban daɗe a birnin Greensboro, can ƙasar waje, ba. Anti Rabi, ƙanwar babana, ita ta ɗauko ni daga Maraɗi bayan na gama lise, wato sakandare, da niyyar in riƙe mata shagonta na kitso. Kitso kam na iya. Abin da ban iya ba shi ne yi wa kwastoma murmushi tana canza ra'ayi bayan na kai rabin kai. Da Anti ta ga zan kore mata mutane, sai ta ce in je in nemi wani aikin.

Na yi tirenin, wato horon aiki, aka ɗauke ni a wani gida a gabashin gari inda ake ajiye yara masu larurar ƙwaƙwalwa, da waɗanda suka gagari iyayensu, da waɗanda iyayen ne suka gagare su. Aikina in tashe su, in ga sun sha maganin da nas ta ba su, in zauna da su idan rai ya ɓaci kada su ji wa kansu ciwo. (Ni da aka haifa da faɗa a baki, ni aka ba aikin kwantar da hankali.) An koya mana in yaro ya birkice mu durƙusa nesa kaɗan mu ce: "Ina tare da kai. Ja numfashi. Ba abin da zai same ka a nan." Ina faɗa, amma kamar mai biya hadda. An kuma ja mana kunne cewa ba a rungumar yaro, ba a dafa shi, sai in za a hana shi cutar da kansa ko wani.

Akwai wata yarinya, bari in kira ta Tasha, shekararta goma sha uku. Ba ta magana sosai. In ranta ya ɓaci bango take nema ta riƙa buga kai, sai mun riƙe ta. Gashinta ya cukurkuɗe, ba mai kula da shi. Wata rana ta tsaya gabana ta ce, "Mis, an ce kin iya kitso. Mamata za ta zo ranar ziyara."

Na nemi izini wurin Mis Brenda, shugabarmu. Ta ce to, a falo, ƙofa a buɗe. Ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, ni kuwa har na juya.

Ranar Juma'a bayan na tashi aiki na zaunar da ita a ƙasa tsakanin gwiwoyina, yadda ake yi a gida. Hannuna da zafi, kowa ya sani, amma yarinyar nan ko motsi ba ta yi ba. Can sai ta jingina kumatunta a gwiwata. Na ce, "Ɗaga kai mana, ba barci na zo ki yi ba." Ina sauri kada bas ta wuce ni. Na zuba mata shuku na gama da wuri, har ina yabon kaina.

Asabar, ranar ziyarar, ba ni da aiki, amma na hau bas har tashar tsakiyar gari, na canza wata, na zo. Ina son ganin fuskar uwar idan ta ga kan 'yarta. Falo ya cika da iyaye da kakanni da ledojin tsaraba. Tasha na zaune gefen taga, hannaye a cinya. Mutane suka ci, suka yi hira, suka fara sallama. Tana nan zaune. Ni kuma na koma bakin ƙofa ina jiran uwar.

Ana dab da rufe ziyara sai ga wata mata ta fito daga mota, tana takawa a hankali, kofi a hannu, waya a kunne. Ta iso ƙofa ta ce wurin Tasha ta zo.

Ban tambaye ta ko ita wace ce ba. Na tare hanya na fara. "Sai yanzu kika ga dama? Yarinya tun safe idonta na kan titi, ke kina yawo da kofi. Wace irin uwa ce ke? In ba kya so, me ya sa kika haifa?" Turancina ya ƙare na kama Faransanci, shi ma ya ƙare na koma Hausar Maraɗi.

Matar ta bari na gama. Sai ta buɗe gaban kwat ɗinta, ga katin aiki rataye a wuyanta. Jami'ar gwamnati ce mai kula da lamarin Tasha. Ta rage murya ta ce, "Uwarta ba za ta zo ba, yau ko wata rana. Kotu ta gama magana, ta raba su. Abin da ya kawo ni ke nan." Ta dubi kofin. "Wannan ba kofi ba ne, cakulan ne mai zafi. Na Tasha ne."

Na juya, ga Mis Brenda, ga iyayen mutane, ga yaran da nake koya wa riƙe fushi, duk suna kallona. Na zauna daɓas a ƙasa na fashe da kuka, irin na gidan rasuwa, har da majina.

Ina cikin haka na ga takalman Tasha. Ta durƙusa nesa kaɗan, daidai yadda aka koya mana, ta ce, "Ina tare da ke, Mis. Ja numfashi. Ba abin da zai same ki a nan." Har karin harshena ta kwaikwaya, amma ita da gaske take faɗa.

Na ce, "Kin ji abin da ta ce?"

Ta ce, "Na sani tuntuni. Mama ta gaya mini a waya."

"To kitson fa?"

Ta taɓa shukun. "So nake wani ya riƙe mini kai. A nan ba a taɓa mu sai mun yi faɗa."

An dakatar da ni na ɗan lokaci, aka mai da ni tirenin. Na je har ofis na ba matar haƙuri. Ta ce rabin zagin ba ta ji yaren ba, amma saƙon ya iso. Anti Rabi kuwa cewa ta yi, "Aƙalla wannan ba kwastomata ba ce."

Ranar da na koma aiki na tafi da mataji da man kitso a jaka. Na tarar gadon Tasha babu zanen gado. An mai da ita wani gida a wani gari, kuma doka ba ta yarda a gaya mini ko ina ba ne. Mis Brenda ta ce har Tasha ta tafi ba ta bari kowa ya tsefe mata ba.

Na roƙa aka bar ni ina yi wa sauran 'yan matan kitso duk Juma'a. Faɗa ban daina ba, ƙarya ba kyau, sai dai yanzu kafin in zagi mutum nakan duba wuyansa tukuna. Saurin hannun nan da nake taƙama da shi kuwa na ajiye. In yarinya ta jingina da gwiwata, sai in ce layin nan ya karkace, in tsefe in sake. Bas ta sha wuce ni.