Rasuwar Jummai, Jitar Baba Ernest

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma wadda ba ta karaya ba, iyalan Baba Ernest Samson na unguwar Television ke sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar jitarsa, Jummai, wadda ta ci sunan ranar da aka sayo ta. Ta cika ranar Lahadin godiyar kaka, a gaban bagaden coci, tana bakin aikin Ubangiji.

Marigayiya ta shigo hannun Baba tun yana ma'aikacin masaƙa a Kakuri. Ta raka amare, ta raka mamata, ta sha ruwan sama a wajen wa'azi a Rido ba ta yi ƙorafi ba. In an ɗauke wuta lasifika ta yi gum, ita ke riƙe waƙa da "giring-girim" ɗinta har janareta ya farfaɗo. Tana da ɗan halinta, ba za a ɓoye ba: da damina tsirkiyarta ɗaya ba ta jin magana, kuma Baba kaɗai ya san kunnen da ake murɗa mata.

Ba ta yi jinya ba. Ranar godiya kowa kan taho da amfanin gonarsa yana rawa, ya ajiye a gaba. Da aka kira dattawa, Baba ya kwantar da Jummai kusa da bagade, ya lulluɓe ta da zane don kada yara su taɓa, ya fita ɗauko zakaransa. Mama Scholastica, shugabar zumuntar mata, ta iso da daron doya a ka tana juyi, ta ɗauka tarin kayan godiya ne aka rufe, ta sauke a kai. Maganar marigayiya ta ƙarshe ita ce "ƙwaram", sai wani dogon "tiiin" da ya bi ta baya.

Iyali ba su riƙe Mama a zuciya ba. Ta zo gida tana kuka, Baba ya ce ta share hawayenta, doya ba ta da ido. Waɗanda suka ɓata masa rai su ne 'yan kwamitin mawaƙa, masu ta'aziyya da fara'a. Sun daɗe suna cewa zamanin jita ya wuce, piyano ya wadatar. Tun ba a gama tsince gutsattsarin katako ba, Tony mai piyano ya ja kujerar Baba gefe. Washegari suka zo gaisuwa, suka ce Allah ne ya ba Baba hutu, ya koma benci cikin jama'a. Wannan ta fi doyar yi masa ciwo. Ya bari suka gama shan ruwa, sannan ya ce, "'Ya'yana, jita ce ta karye. Ni ga ni zaune, hannuna lafiya lau."

Marigayiya ta bar Baba Ernest, da igiyar ratayarta, da tsirkiya biyu da suka tsira, da abokiyar aikinta kacau-kacau, wadda tun ranar take shiru.

Ga tsarin jana'iza. Kafinta Ishaku na Kamazou ya duba gawar, ya ce wuya da fuska sun tafi, amma bayanta garau yake, kuma yana amsawa in an buga. Don haka ranar Lahadi Baba zai shigo da ita, ya mai da kujerarsa inda take a da, ya kifa marigayiya a cinya, ya kaɗa ta da tafin hannu kamar ganga. Mama Scholastica za ta ba da waƙa, zumuntar mata su amsa. Ba a buƙatar furanni. Za a maimaita jana'izar kowace Lahadi har sai kwamiti ya gaji.